Jan Layi a Gefen Hagu

Litinin, 1 ga Satumba

Likita ce ta ce in riƙa rubutu, wai yana motsa ƙwaƙwalwa. To ga shi ina yi. Uwar yara ta bi shafukan farko na littafin nan ta ja jan layi a gefen hagu, ta ce in nemo layin kafin in ɗora biro. Wai jiya da na rubuta mata jerin cefane, duk na cunkushe shi a gefen dama kamar ana korar kalmomin. Ni ban ga haka ba sai da ta kama yatsana ta ɗora a kan filin da na bari.

Wata takwas ke nan da faɗowata daga tsani. Allon shago nake gyarawa, ƙusa ɗaya tal ce ta saki. Kaina ya bugu da bakin kwata, ɓangaren dama. Sun ce idona lafiyarsa lau, ƙwaƙwalwar ce ta daina kula da duk abin da ke hagu. Ni dai na san ina gani. Shekara ashirin da biyu ina aski, ba wanda ya taɓa tashi daga kujerata da ƙorafi. Sai sau ɗaya. Ba yau zan rubuta wannan ba.

Laraba, 3 ga Satumba

An kai ni zaman nan na waɗanda suka ji rauni a ka da ake yi duk Laraba a bayan asibiti. Kujerun roba a zagaye, fanka tana kuka, kalandar bara har yanzu tana bango. Su bakwai ne.

Ina shiga kafaɗata ta hagu ta daki ƙofa. Wani mai hula da littafi rataye a wuyansa ya kwashe da dariya ya ce, "Wannan namu ne, ku ba shi kujera." Direban bas ne a da, motarsa ta kife da shi. Duk abin da aka gaya masa, bayan minti goma ya bi iska, shi ya sa yake rubutawa. Akwai wata Malama da ta yi shekara talatin tana koyarwa, yanzu kalmomi gudunta suke. Ta fi minti tana neman "kofi".

Na ce musu ni lafiyata lau, hutu nake, kwanan nan zan koma aiki. Ba wanda ya musa. Da sun musa ma da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 4 ga Satumba

Barci wuni guda. Zaman awa ɗaya, kamar na yi dakon siminti.

Asabar, 6 ga Satumba

Dogo ya zo. Tare muka buɗe shagon nan, kujera biyu, tasa ta ciki, tawa ta bakin taga. Ya rame. Ya daɗe yana zagaye-zagaye, ya tambayi yara, ya tambayi jiki, har ya tambayi rufin ɗakin da ke yoyo, kafin ya zo kan magana.

Ya ce bayansa ya gaji. Wata takwas shi kaɗai, mutane su cika benci su gaji da jira su tsallaka titi. Yayan matarsa ƙwararren mai aski ne, an rushe musu shago, yana neman kujera. "Mutumina, ban ce masa komai ba. Amma zuwa ƙarshen Oktoba ka gaya mini gaskiya."

Na ce gaskiyar me? Ya dubi ƙasa. Ban raka shi ƙofa ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

To bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

A wata na biyar na koma shago ba da izinin kowa ba. Baba Hedimasta ne ya fara zama, mutumin da nake wa aski tun gashinsa yana baƙi. Na yi masa kamar kullum, na gyara ƙeya, na sa hoda, na kakkaɓe masa wuya, na zare ƙyalle na ce, "Baba, an gama." Ya ƙura wa madubi ido. Shagon ya yi tsit. Sai wani a benci ya kasa riƙe dariyarsa.

Rabin kai na aske. Dama fes, hagu kamar ban taɓa saninsa ba. Kuma wallahi ina tsaye ina kallon kan nan, a wurina aski ya kammala. Har na fara yi wa mai dariyar masifa. Dogo ya karɓi injin daga hannuna ya ƙarasa. Baba ya sa hularsa ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, ɗana." Ya fita a hankali.

Tun ranar ban ƙara bin layin ba. In zan je masallaci sai in zagaya ta bayan gidan mai.

Laraba, 10 ga Satumba

Na ce ba za ni ba. Uwar yara ta ajiye mini takalmi a gabana ta tsaya. Na tafi.

Direba ya miƙo hannu kamar bai taɓa ganina ba. Ya tambayi sana'ata, ya buɗe littafi, ya karanta a gaban kowa: "Mai aski. Fushi gare shi. Yana cewa lafiyarsa lau." Ya ɗago ya ce, "Au, kai ne Wanzam! Ya lafiyar?" Har Malama sai da ta rufe baki da mayafi.

Na ce ni ba wanzami ba ne, mai aski ne. Ya rubuta. Mako mai zuwa zai sake.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na fita da takalmi ɗaya a ƙafa har bakin titi. Auta ce ta biyo ni da ɗayan.

Laraba, 17 ga Satumba

Ana ba mu shayi da biskit a ƙarshen zama. Na ga kowa yana tauna, ni farantina wayam. Na ce wa ma'aikaciyar asibitin da ke rabawa, to ni baƙo ne ko me? Kafin ta amsa, Malama ta miƙo hannu ta juya farantin a gabana. Biskit uku suka bayyana kamar an yi siddabaru.

Na ji kunya, amma ba irin ta shago ba. A nan ba wanda ya kau da kai. Malama ta nuna bakinta, ta nuna idona, ta ɗaga kafaɗa. Wato kowa da tasa.

Direba ya ce, "Wanzam, ita kujerar taka ba ta juyawa ne?"

Na ce masa mai aski na gaske shi yake zagaya kai. Ɗan koyo ne ke juya mutum kamar gasasshen nama, ya raba shi da madubi. Maigidana da ya koya mini, da ya ga na juya kujera sai ya kwaɗa mini mataji a hannu. Direba ya ce, "To shi maigidan naka ya taɓa faɗowa daga tsani?"

Na ci biskit ɗin.

Asabar, 20 ga Satumba

Na yi wa Auta tsawa a kan rediyo. Ba ta ma ƙure shi ba. Ƙara ce take shiga kaina kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Yarinyar ta shige ɗaki ba ta fito ba har la'asar.

Uwar yara tana wanke-wanke, ba ta juyo ba ta ce, "Baban Auta, mu ma fa tare da kai muka faɗo daga tsanin nan." Sai yau na lura kullum ta dama take zama, ta dama take miƙo ruwa, ta dama take yi mini magana. Wata takwas tana zagaya ni ban sani ba.

Na gaji. Ba na jiki ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Direba ya cire hularsa yau, karo na farko. Tabon aiki daga saman kunnen hagu ya lanƙwasa har kusa da tsakar kai, wurin ya ɗan loɓa. Gashin ya yi buzu-buzu, wani wuri dogo wani gajere. Matarsa ce ke rage masa da almakashin ɗinki.

Ya ce ya je shago uku, haka littafi ya gaya masa. Na farko ya ce ba zai iya ba. Na biyu ya kira maƙwabta su zo su gani. Na uku ya yi, amma yana ta salati kamar yana wankan gawa.

"Kai za ka yi mini," in ji shi.

Na ce tabon naka a hagu yake, ni kuma... Na tsaya. Ban taɓa faɗa da bakina ba. Ya ce, "Ka ga an dace ke nan, ba za ka tsorata ba. In kuma ka ɓata, kafin mu kai titi na manta."

Na ce a'a. Reza ba abin wasa ba ce.

Litinin, 29 ga Satumba

Na bi ta layin shago. Daga nesa. Kujerata tana nan a bakin taga, Dogo ya lulluɓe ta da tsohon zani. Na ƙirga mutum biyar a benci. Biyu suka tashi suka tsallaka titi ina kallo.

Da na dawo na ɗauko injina, na kwance shi, na goge, na sa masa mai. Haka kawai, don kada ya yi tsatsa.

Laraba, 1 ga Oktoba

Malama ta yi magana mai tsawo yau, ta ɗauke ta kusan minti sha biyar. Ba wanda ya cika mata kalma, doka ce a ɗakin. Abin da na tsinta: ta yi shekara biyu tana goge takalmin zuwa makaranta duk Lahadi. Wata rana ta ba ƙanwarta shi. Ta ce, "Waccan... Malamar... na jira ta. Ba ta... zo ba." Ta daki ƙirjinta da tafin hannu. "Wannan ce... ta zo."

Na ji haushin maganar, ban san dalili ba. Ni ba takalmi nake gogewa ba. (Injin dai na goge.)

Da za mu fita na ce wa Direba ya rubuta: Lahadi, ƙarfe tara na safe, shago. Ba reza. Inji kawai.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Dogo ya ba ni makulli bai tambayi komai ba. Matar Direba ta kawo shi, ta zauna a benci da jakarta a cinya.

Da na yaye zanin, ƙamshin hoda da sifirit ya buge ni, sai da na dafa teburin kayan aski. Na ɗaura masa ƙyalle. Hannuna bai manta komai ba, shi ne abin takaicin. Na yi dama, na yi ƙeya, na ji a raina an gama. Wallahi an gama. Har na kai hannu ga buroshi.

Direba yana kallon littafinsa a ƙarƙashin ƙyalle ya ce, "An rubuta nan in ce maka: juya."

Na daɗe a tsaye. Sannan na taka ƙarfen ƙasa na juya kujerar. Sai ga rabin kai ya shigo gabana, cike da gashi, da tabon nan kwance a ciki. Kamar biskit ɗin Malama. Na ce innalillahi a zuciyata.

Na tsaya wuri guda, ban ƙara zagayawa ba. Kujerar nake juyawa, tsayawa huɗu: gaba, dama, baya, hagu. Kowace tsayawa in shafa da tafin hannu kafin in wuce, don hannu ba ya yi mini ƙarya. A kan tabon na rage gudu, na bi gefensa da ƙaramin inji, na bar gashin sama ya ɗan sauko ya rufe loɓawar. Fatar wurin laushi gare ta kamar ta jariri. Bai motsa ba.

Minti hamsin. A da sha biyar nake yi. Kuma duk da haka na bar sajen hagu, matarsa ce ta nuna da haɓa. Na sake juyawa.

Ya dubi madubi ya daɗe. Ya ce, "Ashe haka nake." Matar ta fita waje wai za ta amsa waya. Wayar tana cikin jaka a kan benci.

Litinin, 6 ga Oktoba

Kai ɗaya, barcin awa huɗu. Kunnena har yanzu yana jin kukan injin.

Laraba, 8 ga Oktoba

Direba ya shigo ba hula. Yana ta tambayar mutane, "Kun ga askin nan? Wa ya yi mini? Gwani ne!" Aka nuna ni. Ya rungume ni. Bayan shayi ya ga kansa a gilashin taga, ya sake tambaya. Sau uku aka yabe ni a kan aski ɗaya, ban taɓa samun irin wannan kwastoma ba.

Wasu biyu sun ce su ma. Ɗaya tsohon magini ne, bulo ya faɗo masa. Ashe duk masu hular nan abin da ke ƙarƙashi ke nan.

Talata, 14 ga Oktoba

Na ce wa Dogo zan gwada wuni guda. Ya ce a fara da rabi. Na ce wuni.

Na farko lafiya. Na biyu, na uku lafiya, ko da yake wani ya ce, "Yau kuma lilo ake mana?" Na yi kamar ban ji ba. Na huɗu kaina ya fara nauyi. Ga inji biyu suna kuka, ga rediyo, ga masu gardamar ƙwallo. A na biyar na manta ƙirga. Na zare ƙyalle. Dogo ya matso da sauri ya ce, "Kawo in gyara masa fuska," ya juya mutumin ya share abin da na bari, yana ta ja masa hira don kada ya lura. Ya lura.

Na zauna a bayan shago a kan bokiti. Dogo ya fito ya ce likitata ta taɓa gaya masa a manna jan tef a gefen hagu na madubi, ya riƙa ja mini ido. Na ce kowa ya shigo ya tambaya na mene ne? In ce musu me? In rataya allo a wuya kamar Direba?

Ya ce, "Mutumina, duk unguwa ta sani. Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba."

Da wani ne da mun yi faɗa. Ƙarfin faɗan ma babu.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na ba su labarin jiya. Ban yi niyya ba, bakina ne ya kufce. Na haɗa da na Baba Hedimasta, wanda ko uwar yara ban taɓa gaya wa da bakina ba.

Magini ya ce shi ranar da ya koma aiki bangon da ya ɗora sai da aka rushe. Direba ya ce shi ya taɓa zuwa tasha ya shiga bas ɗin wani ya tayar, fasinja suna ciki. "Haka aka ce, ni ban sani ba. Amma an ce na iya ribas." Muka yi dariya har na share ido. Wanzami ba ya son jarfa, yau dai an yi mini, kuma ban mutu ba.

Malama ta ɗaga yatsu huɗu ta nuna ni. Na ce huɗu me? Ta yi alamar almakashi. Kai huɗu. Na ce a da ina yin talatin. Ta gyaɗa kai, ba ta sauke yatsun ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Ciwon kai. Auta ta zauna kusa da ni tana aikin makaranta, a hagu, da gangan. Lokaci-lokaci sai ta ce, "Baba, ina nan." In juyo in gan ta.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na je na sami Dogo kafin ya buɗe. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, gara a yi a wuce wurin.

Na ce ya kira yayan matarsa. Kujerar tawa ce daga buɗewa zuwa sha ɗaya, kafin hayaniya ta taso. Kai huɗu, ba ƙari. Daga nan tasa ce har a tashi. Ba rediyo da safe. Reza kuma Dogo ne zai riƙa yi, har sai likita ta ce.

Shekara ashirin da biyu, yau na raba kujerata da mutumin da ban sani ba. Na zaci Dogo zai yi murna. Sai ya juya baya yana ta goge madubin da ba datti.

Na dawo gida na kwanta na fuskanci bango. Uwar yara ba ta tambaya ba. Ta zo ta zauna a bakin gado, can ta ce, "Huɗu ai sun fi babu." Na ce na sani. Ban ji daɗi ba dai, kuma ba zan ce na ji ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mako guda da farawa. Magini ya zo ran Talata, ya kawo wani daga wani asibitin, shi ma da tabo. Ban san yadda labari ke tafiya ba. Direba ya zo jiya ko da yake gashinsa bai taru ba. Ya bar littafinsa a buɗe a kan teburin, ni kuma ba leƙe nake ba, idona ne ya faɗa. Ya soke "Fushi gare shi" da layi ɗaya. A ƙasa ya sa: "Shi kaɗai zai taɓa kaina." Maganar lafiyata lau kuwa ya bar ta yadda take, ɗan banza.

Yau na uku a layi Baba Hedimasta ne. Na gan shi tun daga ƙofa. Kujerar Dogo ba kowa, amma ya wuce ta ya zo ya zauna a tawa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya dubi madubi ya ce, "Wannan jan abin fa, ɗana?"

Tef ne. Ran Laraba na manna, kawai don gefen madubin ya ɗan tsage.

Na ce, "Baba, tun faɗuwar nan ba na lura da hagu. Shi yake tuna mini. Zan riƙa juya ka, kuma zan daɗe. In ka ga na bar wani wuri, ka ce mini juya."

Ya ce, "Ni ma kunnen nan na hagu ya yi ritaya tun kafin ni. Yi aikinka."

Minti arba'in. Sau ɗaya ya ce juya. Da na zare ƙyalle ya shafa kansa hagu da dama, ya ce sai bayan mako uku.

Na gaji sosai, yanzu zan kwanta. Laraba akwai zama, an ce wani sabo zai zo, makanike ne, wai yana cewa lafiyarsa lau. Zan je da wuri in kama masa kujerar da ke nesa da fanka.

Shafukan da uwar yara ta ja wa layi sun ƙare tun jiya. Wannan ni na ja. Ya ɗan karkace.